Ƙanena ya ɓata a kan Dutsen Tebur: na ce ya zauna, Kawu ya ce na kusa kashe shi

Yaya Babba (Nima):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Gaskiya nake so a faɗa mini, ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Autanmu ne aka tura kwas daga wurin aiki zuwa Kef Tawun, Afirka ta Kudu, cikin watan Nuwamba. Ranar Asabar ba su da aji, ya ci abincin rana ya fita ganin gari, ƙafa ta kai shi gindin Dutsen Tebur da ke tsaye a bayan birnin. Ya ga jama'a na hawa ta hanyar da ake kira Platteklip, har da mata da yara, sai ya bi sahu. Riga mai gajeren hannu ce a jikinsa, sai ƙaramar gorar ruwa. Lissafinsa ya hau da ƙafa, ya sauko a motar igiya, wato motar da ke rataye a igiyar ƙarfe tana kai mutane saman dutsen tana sauko da su. Kafin ya kai sama iska ta taso, aka tsayar da motar, gajimare ya lulluɓe dutsen. Ya juya neman hanyar da ya hawo, ya kama wata daban.

Ana dab da kiran magariba a nan Akra, ina kicin, kiransa ya shigo ta WhatsApp. Su can suna gabanmu da awa 2, rana ta riga ta faɗi. Da ƙyar nake jin muryarsa saboda iska. Ya ce, "Yaya, ban san inda nake ba, gabana rami ne, cajina kuma ya kusa ƙarewa." Na ce masa ya nemi inda dutse ya tare iska ya zauna, kada ya ƙara ko taku ɗaya, ya turo mini wurin da yake a taswira, ya kira lambar agajin gaggawa 112, sannan ya bar taɓa wayar. Ni kuma na nemo lambar masaukinsu na tura musu taswirar. Cikin dare masu ceto suka isa gare shi, suka sauko da shi a kan ƙafarsa.

Tun da ya dawo gidanmu babu daɗi. Kawu ya ce da na bar yaron ya ci gaba da gangarowa da ya shiga gari kafin isha'i, amma na zaunar da shi sanyi na cinsa. Ya kuma rantse Auta ba zai sake fita waje ba, ga shi akwai ragowar kwas ɗin. Mma kuwa har yau ba ta san cikakken labarin ba, don tana da hawan jini. Ku gaya mini, zaunar da shi da na yi daidai ne?

Hajiya mai atamfa (Alabar):
Wa alaikumus salam. Innalillahi! Barka da arziki 'yata, Allah Ya ƙara tsarewa. Jikina har ya yi sanyi.

Ɗan Fadama:
Barka Yaya. Amma me ya kai shi tun farko? An tura ka karatu, ka tafi hawan dutse?

Alhaji na Tudu:
Barka da arziki. 'Yata, kada ki ji haushina, ni ina bayan Kawunku a rabin maganar. Na yi kiwo ina yaro a wajajen Gambaga, mun san tudu mun san kwari. Abin da aka koya mana shi ne in ka ɓata a kan dutse ka yi ƙasa, in ka ji ƙarar ruwa ka bi shi, ruwa ba ya ɓata hanya, inda mutane suke nan zai kai ka. Namiji mai ƙarfi a jika ya zauna wuri ɗaya yana jiran a zo a ɗauke shi, in ba a zo ba fa? Wayar da kika dogara da ita in ta mutu fa? Tafiya ko ba komai tana ɗumama jiki.

Malamin Makaranta (Madina):
Alhaji, Allah Ya ƙara girma. Abin da kuka faɗa gaskiya ne a ƙasar da kuka yi kiwo, inda akwai burtali, akwai hanyar da shanu suka taka shekara da shekaru. Dutsen Tebur ba haka yake ba. Tsayinsa ya haura mita 1,080, samansa shimfiɗaɗɗe ne, amma gefen da ke fuskantar birnin bango ne a miƙe. Platteklip tsaga ce a jikin bangon, an jera mata matakalar duwatsu, ita ce hanyar da baƙo zai iya bi kai tsaye ba tare da ya kama dutse da hannu ba. In ka kuskure bakinta, duk ƙasan da ka yi gaɓa za ta kai ka. Ruwan da Alhaji ya ce a bi, a irin wannan dutse zubowa yake yi daga sama, ba gangarowa ba. Shi ruwa zai iya faɗowa mita talatin ya ci gaba da tafiyarsa.

Akwai kuma wata hanya kusa da tashar motar igiya, India Venster, wadda ke da wuraren da sai an dafa an hau, har an kafa ƙarafa a jikin dutse don kamawa. Masu ƙwarewa ma da rana suke bin ta. Baƙo ya faɗa mata cikin gajimare da duhu, ba na so in ƙarasa.

Gajimaren nan kuma ba tsautsayin rana ɗaya ba ne. Iskar kudu maso gabas ce ke kwaso danshin teku, ta tura shi sama jikin dutsen, ya yi sanyi ya zama gajimare ya kwanta a kai. Mutanen garin har suna suka sa masa, mayafin tebur. Daga ƙasa abin sha'awa ne, ana ta ɗaukarsa hoto. Wanda ke cikinsa kuwa taku biyar gabansa ba ya gani. Kuma iskar da ta kawo shi ita ce take sa a tsayar da motar igiya. Motar nan tun 1929 take aiki, kuma ƙa'idarta ce in iska ta yi ƙarfi a rufe. Saboda haka wanda ya hau da niyyar saukowa a mota, ranar da ya fi buƙatarta ita ce ranar da ba zai same ta ba.

Alhaji na Tudu:
Malam, ka taɓa zuwa ne, ko a littafi ka gani?

Malamin Makaranta (Madina):
Na je, Alhaji. Na hau ta Platteklip ɗin nan da sassafe tare da wasu 'yan'uwa Musulmi na unguwar Bo-Kaap. Su suka hana mu fita bayan azahar, kuma ba su yarda kowa ya tafi ba rigar sanyi ba, alhali a ƙasa zufa muke yi.

Nas (Mamobi):
Yaya Babba, bari in yi wa Kawu adalci, don tsoronsa ba na banza ba ne. Mu nan Akra ba mu san sanyi yana kisa ba. Duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska na raguwa da kusan digiri 6. Ƙara da iska mai ƙarfi, ƙara da rigar auduga da ta jiƙe da zufa da raɓar gajimare. Jiki na zubar da ɗuminsa da sauri fiye da yadda yake samarwa. In zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga haɗari: makyarkyata, hannu ya ƙi kama abu, magana ta fara karyewa, tunani ya rikice. Ba sai an yi ƙanƙara ba.

To amma nan ne maganar Kawu ta juya masa. Mutumin da hannunsa ba ya kama abu sosai, kansa ya fara rikicewa, shi ne za a ce ya gangara gefen gaɓa cikin duhu? Sanyi yana ba ka awanni a zo a same ka. Faɗuwa ba ta ba ka ko minti ɗaya. Abin da zan ƙara a kan shawararki kawai shi ne, mai jira kada ya zauna a kan dutse tsirara, ya sa jaka ko takalmi a ƙarƙashinsa, ya dunƙule gwiwa a ƙirji, ya riƙa motsa hannu da ƙafa a inda yake, kuma kada ya yarda barci ya ɗauke shi.

Baba Direba (Aboabo):
Ni tirela na ja shekaru. In hazo ya rufe ni a hawan Kwahu ko hanyar arewa lokacin hunturu, faka motata nake yi in kunna fitilun gefe in jira. Ban taɓa jin an zagi direba don ya faka ba. 'Yata, kin yi daidai.

Ɗan Fadama:
Har yanzu ba a amsa mini ba. Mu dai ba mu gaji hawan dutse don nishaɗi ba, wannan al'adar Turawa ce. Da ya zauna a ɗakinsa ya yi karatunsa da duk wannan bai faru ba. Ni da Kawu nake ɗari bisa ɗari, a hana shi.

Hajiya mai atamfa (Alabar):
Ɗana, a'a. Duk wanda ya je Kano ana kai shi Dala ya hau ya ga gari, mutanen Zariya suna da Kufena. Ni da tsufana na hau Jabalun Nur da muka je Umara, don in ga kogon Hira da idona. Malamanmu sun gaya mana ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umara, muka ce mun ji, zuciya ce ke so. Amma da asuba muka tafi, mu da yawa, kowa da ruwansa, kuma a masauki an san inda muka nufa. Duk da haka gwiwata ta kwana biyu tana gaya mini. Laifin ba a hawan yake ba. Yaro ya je ƙasar mutane ya kulle kansa a ɗaki, me ya gani da zai dawo ya ba mu labari?

Malam (Sabon Zongo):
Hajiya ta kusa da inda zan tsaya. A Bukhari akwai hadisin Ibn Umar, Annabi (SAW) ya ce da mutane sun san abin da ya sani game da kaɗaici, da matafiyi bai yi tafiyar dare shi kaɗai ba. Ba a hana tafiya ba, kaɗaicin aka ja kunne a kai. Yaron nan ya shiga cikin jama'a yana ganin yana da abokan tafiya, alhali babu wanda ya san sunansa a cikinsu, babu wanda zai ƙirga ya ga ba a cika ba. Wannan shi ne kaɗaicin, ko da mutum ɗari ne gabanka da bayanka.

Batun rantsuwar Kawu kuma, wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya yi kaffara ya aikata abin da ya fi. Ƙofa a buɗe take, sai dai a bi shi da ladabi.

Ɗan Fadama:
Malam na ji. Amma kuɗin ceton fa? Irin waɗannan ƙasashe in suka ɗauko ka sai ka sayar da fili.

Yaya Babba (Nima):
Ba su karɓi ko sisi ba. Bari in sa shi a zauren ya yi bayani da bakinsa, tun ɗazu yana kusa da ni yana karantawa.

Auta (Nima):
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na gode da addu'o'i.

Yaya Ɗan Fadama, tambayarka ita ce ta hana ni kira da wuri. Na daɗe riƙe da waya ina tunanin kuɗi, ina tunanin 'yan sanda, ina tunanin baƙo ne ni kada abin ya koma maganar takardu, kada kuma wurin aiki su ji. Takarduna lafiya suke, tun Nuwamban 2023 ɗan Gana ba ya buƙatar biza don gajeriyar ziyara a can, amma tsoro ba ya duba fasfo. Shi ya sa Yaya na fara kira. Waɗanda suka zo masu aikin sa kai ne, kowa da sana'arsa da rana. Sunana suka tambaya, da ko na ji ciwo, da yaushe rabona da abinci. Suka lulluɓa mini wani bargon leda mai sheƙi, suka ba ni shayi mai zafi daga fulas, suka ɗaura mini igiya a ƙugu.

Baba Alhaji, ina so ku san yadda wurin yake. Da gajimaren ya rufe, duwatsun duk sun zama iri ɗaya. Na ga wata 'yar hanya tsakanin ciyayi tana yin ƙasa, na bi ta ina murna. Tana ta ƙanƙancewa, na fara sauka da mazaunai, na diro wani mataki da ya kai ƙirjina. Da na waiwaya na gane ba zan iya komawa ta nan ba, dutsen ya jiƙe yana santsi. Inda na tsaya faɗinsa bai fi tabarmar sallah biyu ba. Na jefa tsakuwa gabana, ban ji saukarta ba.

A nan na yi taimama a jikin dutsen na yi magariba a zaune, ban san ina alƙibla take ba. Can wajen ƙarfe tara iska ta yaye gajimaren na ɗan lokaci, sai ga fitilun birnin gaba ɗaya a ƙasana, har motoci ina gani suna tafiya. Wallahi a lokacin ne zaman ya fi yi mini wuya. Zuciyata na cewa ga gari nan kusa, tashi kawai. Haƙorana na haɗuwa, yatsuna sun ƙi buɗe gorar ruwa. Abin da ya riƙe ni shi ne na riga na tura wurin da nake, in na matsa za su zo su tarar ba ni nan. Da suka iso da tocila a goshi, ɗayansu ya haska mini inda nake niyyar bi. Babu hanya a wurin. Sama suka fara mayar da ni, sannan muka zagaya muka sauko.

Hajiya mai atamfa (Alabar):
Allahu Akbar. Allah Ya saka wa mutanen nan da alheri.

Malam (Sabon Zongo):
Sallarka ta yi, ɗana. Wanda ya rasa ruwa ya yi taimama, wanda ya kasa tsayuwa ya zauna, wanda alƙibla ta ɓace masa ya yi iya ƙoƙarinsa. Babu ramuwa a kanka.

Alhaji na Tudu:
To. Tun da yaro ya ce ya jefa tsakuwa bai ji saukarta ba, na janye maganar gangarowa a wannan wurin. Amma ban janye duka ba. Abin da ya cece shi waya ce da ke da ɗan sauran caji da kuma sabis. Ku yaran yanzu kun ɗora rayuwarku a kan abin da ke mutuwa cikin awa ɗaya. Mu da muke kiwo, duk inda muka wuce sai mun waiwaya mun ga yadda hanyar take ta baya, mu riƙe wata bishiya ko wani dutse a ka. Da ya tsaya a bakin tsagar nan da ya fito ya kalle ta da kyau, da wataƙila ya gane ta.

Malamin Makaranta (Madina):
Wannan kam Alhaji ba wanda zai ja da ku. Hanya ta gaba daban take da hanya ta baya, kuma mai hawa ba ya waiwaye sai don hoto. Zan ƙara da cewa taswirar waya ana iya sauke ta tun a masauki ta yi aiki ba intanet, kuma sanyi na shanye batir da sauri, a ajiye wayar a aljihun ciki kusa da jiki. Hukumar da ke kula da dutsen ma shawararta kada a hau shi kaɗai, a tafi a ƙungiya, saboda ɓata da kuma 'yan ƙwace da akan samu a wasu hanyoyin.

Wani abu kuma da ke ruɗar mu 'yan Gana: a nan rana kusan ƙarfe 6 take faɗuwa duk shekara, jikinmu ya saba. Can a Nuwamba takan wuce 7 ba ta faɗi ba, sai baƙo ya ga ƙarfe biyar rana tana sama ya ɗauka yana da lokaci. A watan Yuni kuwa hunturunsu ne, kafin 6 ta faɗi.

Nas (Mamobi):
Yaya Babba, saura maganar Mma. Ɓoyewar nan ba ta kare ta daga komai. Unguwa ce, zauren nan ma mutum nawa ne? Gara ta ji daga bakinku, tana zaune, ta sha maganinta, Auta na gabanta tana ganinsa lafiya, da ta ji a gidan suna an ƙara gishiri.

Hajiya mai atamfa (Alabar):
Gaskiyar Nas ce. Kuma ku fara da cewa ga shi Allah Ya dawo da shi, kafin ku ce ya ɓata. Uwa in ta ji ƙarshen labari da farko tana iya ɗaukar sauran.

Ɗan Fadama:
Ni dai in ƙanena ne, zai je kwas ɗin amma sai ya yi mini alkawarin shi da dutse har abada.

Auta (Nima):
Yaya, wannan alkawarin ba zan iya ba, kada in yi maka ƙarya. Wanda zan iya shi ne ba zan hau ni kaɗai ba, ba zan fara bayan azahar ba, kuma sai na gaya wa wani inda na nufa da lokacin da zai fara nemana.

Yaya Babba (Nima):
Na gode ƙwarai, jama'a. Yau da daddare za mu zauna da Mma. Malam, in ba takura, muna roƙon ku raka mu wurin Kawu ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ya fi jin maganarku.

Malam (Sabon Zongo):
In sha Allahu. Amma Auta ne zai fara magana, ba ke ba. Ya ba shi labarin kamar yadda ya ba mu, har da tsakuwar.

Malamin Makaranta (Madina):
Tun da magana ta zo, a hutun nan ina shirin kai manyan ɗalibaina dutsen Afadjato a jihar Bolta, wanda aka koya mana a makaranta tsayinsa mita 885. A ƙauyen Liati Wote da ke gindinsa ana haɗa baƙi da ɗan jagora daga mutanen garin. Mota za ta tashi daga Madina bayan asuba, mu hau da safe mu sauko kafin azahar. Akwai sauran kujeru ga matasan zauren nan. Takalmi mai kama ƙasa, ruwa lita biyu, da izinin iyaye a rubuce. Alhaji, da za ku yarda ku zo ku koya musu waiwayen nan, da na ji daɗi.

Alhaji na Tudu:
Gwiwa ba za ta bar ni in hau ba, Malam. Amma ka kawo su shagona ranar Asabar ɗin da ke gabanin tafiyar, bayan la'asar, in yi musu bayani. Su nawa ne, don in sa a aro benci?